Magani kyauta ne amma kaiwa gare shi ne aiki: rayuwata da cutar kanjamau a bakin iyakar Meksiko da Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda na rubuta ta, ba zan faɗi sunana ba kuma ba zan faɗi na kowa ba, wanda ya gane ni ya rufa min asiri Allah ya rufa nasa. Ni Bahaushe ne haifaffen Jos, yanzu ina zaune a Tijuana, wani gari ne a ƙasar Meksiko da yake manne da katangar Amurka, tsallaken katangar San Diego ce. Ina ɗauke da cutar kanjamau, ina shan magani, ina aikina kamar kowa. Inda na samo ta kada ma wani ya tambaye ni, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Gidan 'yan kasuwa na taso, babanmu yana da shagon kayan masarufi, da na gama sakandare ya buɗe min ɗan shagon kayan waya. Rikicin watan Nuwamba na 2008 ya cinye nawa ya cinye nasa a rana ɗaya, tun daga nan baba bai sake komawa daidai ba har Allah ya karɓi abinsa. Na yi acaɓa, na yi kwandasta, na yi dako a kasuwa, babu wadda ta riƙe ni. Da gasar cin kofin duniya ta 2014 ta zo sai labari ya bazu cewa Barazil tana ba da biza ga wanda ya sayi tikitin kallon wasa, na sayar da rabona na gado na tafi, ko wasa ɗaya ban kalla ba. A kudancin ƙasar na samu aiki a kamfanin yankan kaji na halal da ake kaiwa ƙasashen Larabawa, dole Musulmi ne zai yi yankan, kuma a can na haɗu da 'yan zongon Ghana na Nima da Kumasi muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da tattalin arzikin Barazil ya durƙushe kuɗinsu ya zube, abinda kake turawa gida ya koma ba komai ba, sai a 2016 muka bi ayarin 'yan Haiti muka nufi arewa. Peru, Ekwado, Kolombiya, jirgin ruwa daga Turbo, sannan dajin Darien da ƙafa wanda har yau bana son tuna shi, Panama, Kosta Rika, Nikaraguwa ta rufe iyakarta sai da 'yan fasa ƙwauri, har muka iso Tapachula a kudancin Meksiko aka bamu takardar kwana 20 mu fice daga Meksiko, muka hau bas sai Tijuana.

Ban tsallaka ba. Waɗanda suka riga mu miƙa kansu daga cikin abokan tafiyata an tsare su wata da watanni a gidan tsare baƙi, wasu aka mayar da su gida da ankwa a hannu, ga Trump ya ci zaɓe a daidai lokacin, sai na ce bari na ɗan tsaya na ga yanda abin zai kaya. Na fara wankin mota, na kama ɗaki da wasu 'yan Honduras a kusa da unguwar Zona Norte. Ɗan tsayawar nan ita ce har yau.

A 2017 jikina ya fara ƙi. Tari da ba ya jin magani, zufa da dare har katifa ta jiƙe, gudawa, farin abu a harshe, wandon da na zo da shi sai da na ƙara wa bel ɗinsa huji. A nan kusan kowane babban kemis akwai ɗan ɗakin likita a gefensa, ka biya kuɗi kaɗan ya duba ka ya rubuta maka maganin da za ka saya a kemis ɗin, haka na dinga zarya ana bani maganin mura da na ciki, babu wanda ya ce je ka yi gwajin jini. Wasu 'yan ƙungiyar sa kai ne da suke kafa tebur a bakin titi suna gwaji kyauta suka tsaga min yatsa. Yarinyar da ta yi gwajin ta kalli abin ta kalle ni ta ce in shigo cikin motarsu mu yi magana, ni kuma lokacin Sifaniyancina na wankin mota ne, ɗan yaren Fotugal da na koya a Barazil nake cuɗawa da shi, amma wallahi ban buƙaci tafinta ba. Abinda ya fara zuwa raina ba mutuwa ba ce, Hajiyarmu ce, da irin sunan da muke kiran masu wannan ciwo da shi muna samari a majalisa, kabari kusa. Na fita na zauna a bakin kwalbati har magariba ta wuce ban sani ba.

Abinda mutane da yawa basu sani ba shi ne maganin kanjamau kyauta ne a Meksiko tun 2003, gwamnati tana da asibitoci na musamman da ake kira CAPASITS a jihohi saboda masu ciwon da basu da inshorar wajen aiki. A tsallaken katanga ma akwai shirin Ryan White da Amurka ta kafa a 1990, wanda yake ɗaukar nauyin marasa hali ko da basu da takardun zama. Toh in haka ne me yake kashe mutane? Ni dai ga abinda ya same ni. Inda aka tura ni can gabashin gari yake, nesa da tsakiyar gari inda talakawa da baƙi da waɗanda aka koro daga Amurka suke kwana, sai ka hau mota ka sauka ka sake hawa wata, ga jiki ba ƙarfi. Na isa da sassafe na bi layi, da na kai tagar sai matar ta ce ina lambar CURP ɗinka, wato lambar da kowane mazaunin ƙasar yake da ita, na ce bani da ita. Ina takardar shaidar adireshi, rasit ɗin wuta ko na ruwa, na ce ɗaki nake haya mu huɗu mai gidan ko sunana bai sani ba. Ina rajistar Seguro Popular, inshorar talakawa ta wancan lokacin. Na ciro takardar Tapachula da ta riga ta mutu na tura mata ta ƙasan gilashi, ta juya ta gaba da baya, ta turo min ita da yatsa biyu, ta rubuta min sunan wani ofis a bayan wata 'yar takarda ta ce na gaba. Ba zagina ta yi ba, ba ma ɗaga murya, aikinta take yi, amma da na fito sai da na jingina da bango saboda jiri, kuma kuɗin motar da na kashe ranar shi ne kuɗin abincina.

A wannan layin na haɗu da dattijon da ya zame min uba a garin nan. Baba nake ce masa, ya saba har yana amsawa, shi kuma ɗana yake ce min. Ɗan jihar Michoacán ne a nan Meksiko, yana saurayi ya tsallaka Amurka, ya shekara sama da talatin a Los Angeles yana aikin rufin gidaje, 'ya'yansa duk a can aka haife su, a can aka gano ciwonsa kuma a can ya daɗe yana karɓar magani ba fashi. Rana ɗaya aka tare shi a mota, magana ta kai ga jami'an shige da fice, aka ajiye shi a ƙofar Tijuana da dare da leda a hannu da maganin 'yan kwanaki. Abin mamakin shi ɗan ƙasa ne amma matsayinmu ɗaya a gaban tagar nan, takardar haihuwarsa tana can ƙauyensu da ya bari tun kafin a haife ni, katin zaɓe da shi ne shaidar ɗan ƙasa a nan bai taɓa yi ba, fayil ɗinsa na asibiti kuma yana tsallaken katanga babu hanyar da likitan nan zai gani. Duk tarihin ciwonsa ya rage a robar magani guda ɗaya da ta ƙare, mai takardar kemis ɗin Los Angeles a manne, yana yawo da ita a cikin safa don kada ta ɓata. Ranar da ya samu ganin likita daga safar ya ciro ta ya ajiye a tebur, rubutun ya fara gogewa, likitan ya ɗaga ta saitin fitila yana karanto sunan maganin da kyar. Kafin a kai ga wannan ranar ya yi watanni ba magani, har kwana ya yi a El Bordo, magudanar kogin da aka yi wa siminti inda korarru da masu allurar ƙwaya suke fakewa, kuma ya ce min akwai ranar da 'yan sanda suka caje shi suka zubar da ragowar ƙwayoyinsa wai ƙwayar maye ce. Shi wannan magani ba a yi masa wasa, in kana sha kana yankewa ƙwayar cutar tana iya koyon yanda zata kauce masa, ranar da ka dawo ya daina yi maka aiki sai an canza wani. Haka ta faru da Baba.

Shi ya nuna min hanya. Ya kai ni wajen wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta san cewa ana yi wa baƙi rajistar wucin gadi ta kwana 90, ta cika min takardu, mai wani masaukin baƙi ya yarda na yi amfani da adireshinsa. Da sakamakon jini ya fito ƙwayoyin garkuwar jikina da ake kira CD4 sun sauka ƙasa da 200, ga tarin fuka a kai, ana kukan targaɗe sai ga karaya, kuma jihar Baja California da Tijuana take ciki dama tana cikin inda tarin fuka ya fi yawa a Meksiko. Wata shida ina shan na tarin, na kanjamau kuma aka ɗora min bayan 'yan makonni. Duk lokacin da kwana 90 ɗin nan ya kusa cika bacci ƙaura yake min, sai da na samu katin zama da lambar tawa sannan hankalina ya kwanta.

Da na samu ƙarfi na shiga aikin masana'anta, irin kamfanonin nan na bakin iyaka da suke harhaɗa kaya a kai Amurka. Nan ma wata matsalar ce da wanda bai yi ba ba zai gane ba. Asibiti safiya ce a ranar aiki, in ka yi fashi ba kuɗin ranar kawai za a yanke ba har da ladan zuwa aiki kan lokaci na satin, kuma shugaban layi zai tambaye ka wane irin ciwo ne wannan da kullum sai ka je asibiti. Doka ta hana a kori mutum saboda wannan ciwo amma waye zai tsaya shari'a yana neman na haya? Na ce musu ciwon suga gare ni. Ƙwayoyina kuma na juye su a robar bitamin, takardar jikin robar asali na kankare ta da reza na ƙona saboda abokan ɗakina. Daga baya da na fara zuwa zaman da masu ciwon suke yi duk sati na tarar kusan kowa a ɗakin yana da ciwon sugansa na ƙarya da robar bitamin ɗinsa, ranar muka yi dariya har da hawaye.

A wannan zaman na gane mutanen nan kunyarsu irin tamu ce sak. Abinda mutane za su ce ya fi musu ciwon zafi. Namiji a wajensu ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi ranga-ranga, zuwa gwaji ma kamar ka amsa wani laifi ne, don da yawa suna ganin ciwon na maza masu neman maza ne da karuwai da 'yan allura, shi ya sa wanda yake wannan harka a ɓoye yana da mata a gida gara ya mutu da a gan shi a layin. Ni ba alƙali ba ne, layi ɗaya muke bi da su, na ga dai yanda ɓoyon yake ƙarewa a kan matan da basu san hawa ba basu san sauka ba. Akwai masu zuwa daga gonakin San Quintín, tafiyar awanni a kudu da mu, 'yan asalin jihar Oaxaca masu yaren Mixteco da Sifaniyancin ma bai zauna musu ba, likita yana bayani suna gyaɗa kai su fita basu san sau nawa za su sha ba. Akwai masu zama a Tijuana saboda arahar haya suna aiki a San Diego, su tashi tun kafin asuba su bi layin ƙofar iyaka ta San Ysidro na awanni, likitansu yana can gidansu yana nan, in aiki ya tsaya ko takarda ta mutu shikenan maganin ya yanke. Wani a cikinmu ƙaninsa yana can ciki ba takardu, da gwamnatin Trump ta fito da dokar nan a 2019 cewa wanda yake cin tallafin gwamnati zai iya rasa damar samun katin zama, sai yaron ya daina zuwa asibiti gaba ɗaya, alhali shirin Ryan White ma baya cikin abinda dokar ta lissafa, amma wa zai tsaya yi masa wannan bayanin? Tsoro ya riga ya shiga. Kuma mara takardu a San Diego ba ya iya cewa bari na tafi Los Angeles neman wani likitan hankali kwance, akwai shingen jami'an iyaka a San Clemente a kan babbar hanyar.

A zaman nan na haɗu da matata. Mijinta na farko yana zuwa aikin gona Kalifoniya yana dawowa, ya rasu aka ce ciwon huhu ne, ita kuma sai a awon ciki aka gaya mata. Dangin mijin suka ce ita ta kashe musu ɗa, suka ware mata kofi da cokali, ta ɗauki cikinta ta baro garinsu. Ta sha magani yaron ya fito lafiya lau ba shi da komai. Mun daɗe muna gaisawa kawai kafin na iya buɗe baki, don ni a lissafina aure ya ƙare min tun ranar gwajin nan. Likitanmu ne ya zaunar da ni ya ce in mutum yana shan magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini toh ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, kuma ana haihuwa lafiya. A masallacin da ke unguwar Playas aka ɗaura mana aure, shaidu 'yan Ghana biyu da wani Balarabe, Baba ne ya tsaya mata a matsayin uba duk da shi Katolika ne, ya sa wata tsohuwar kwat da ya aro.

2019 aka yi ƙarancin magani a Meksiko lokacin da gwamnati ta canza tsarin sayensa, sai ka je a baka na 'yan kwanaki a ce ka dawo, mu da muke shan iri ɗaya har rance muke ba juna ana ƙirgawa a tafin hannu. Farkon 2020 aka soke Seguro Popular aka kawo wani sabon tsari mai suna INSABI a madadinta, kowa ya rikice bai san wace takarda ce ke aiki ba, ba a gama wannan ba korona ta shigo, a watan Maris aka rufe iyaka ga masu bizar ziyara ba a buɗe ba sai Nuwamba 2021. Manyan asibitocin gari suka koma na masu korona. A wannan tsakanin tarin Baba ya tashi, dama jikin bai taɓa dawowa daidai ba tun yankewar farko, muka yi ta yawo da shi a tasi daga wannan ƙofa zuwa waccan ana cewa ba gado. A ɗakinmu ya yi jinyar ƙarshe, matata ce take dama masa kunun masara tana ba shi da cokali.

Kafin ya rasu ya riƙe hannuna ya ce ɗana, 'yata za ta kira ka, kada ka gaya mata. Shekara da shekaru yana shan magani a gida ɗaya da su a Los Angeles basu taɓa sani ba. Na ce Baba 'yarka ce fa, 'yar ƙasar Amurka ce ita ana barinta ta tsallako, bari ta zo ta gan ka, ya ce in ta zo za ta ga takardun asibiti, gara ta tuna shi a kan rufin gida da guduma. Da ta kira bayan rasuwar tana kuka ta tambaye ni me ya kashe mahaifinta na ce mata tarin fuka. Ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya duka ba. Na yi ta tambayar kaina ko tana da haƙƙin sani, musamman saboda mahaifiyarta, sai matata ta tuna min Baba ya taɓa ce mana sun rabu da uwar tun kafin ya kamu. Da wannan na riƙe amanar, amma har yau in lambarta ta fito a wayata gabana sai ya faɗi.

Mutuwarsa ce ta sa na kira yayana. Na ga abinda ɓoyo ya yi wa mutumin da yake da 'ya'ya tafiyar awa uku a mota amma ya mutu a hannun baƙo, na ce ni ba zan so haka ba. Na ce Yaya akwai maganar da na daɗe ban gaya maka ba, na faɗa masa, ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, kana shan magani dai ko? Na ce ina sha. Ya ce toh ka ci gaba da sha, Hajiya kuma ka bar min ita, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Har yanzu bata sani ba, kuma wannan shawarar tasa ce na bi.

Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha a rana, da dare, don haka ko azumi bata hana ni. Mun samu 'ya mace, an yi mata duk gwaje-gwajen da ake yi wa jarirai ba ta da komai, Alhamdulillah. Na bar masana'anta ina gyaran waya a wata 'yar rumfa, kuma ranar da ba kasuwa nakan raka sababbi, yawanci korarru daga Amurka ko 'yan Honduras da Guatemala da suka maƙale a nan, wani lokacin ma 'yan Afirka, in nuna musu ofishin da za su fara zuwa da takardar da za su riƙe, in gaya musu su ɗauki hoton robar maganinsu a waya tun kafin ta ɓata. Wasu suna ɗorewa, wasu bayan zuwa ɗaya lambarsu ta daina shiga, ko sun tsallaka ko sun koma kudu ko kunya ta mayar da su ɗaki.

Yaya yana ta matsa min na kawo iyali Hajiya ta ga jikarta tun tana da rai. Da farko har na fara tunanin komawa gaba ɗaya, sai a farkon 2025 aka dakatar da kuɗin tallafin Amurka da maganin kanjamau na Najeriya ya dogara da shi sosai, na ji yanda hankalin masu karɓa ya tashi a can, sai na ce ziyara dai tukuna. Likita ya ce zai iya haɗa mana na wata uku ni da ita in mun tsayar da rana. Fasfo ɗin yarinyar ya fito, saura bizar uwar da kuɗin jirgi, kuma ban gama yanke yanda za mu dinga shan magani a gidan da yara suke buɗe kowace jaka ba.